Zubar da ciki a Amurka: an ce an mayar wa jama'a, to a saurari jama'ar

Ranar Juma'a 24 ga Yuni 2022, kafin a kira magariba, saƙo ɗaya ya cika Facebook da WhatsApp: wai Amurka ta haramta zubar da ciki. Na ga masu hamdala, na ga masu cewa ai ko Turawan ma sun dawo hanya. Ban ga laifin murnar ba, domin ni ma a gidan da na taso ana ɗaukar ciki amana ne tun daga ranar da ya shiga. Sai dai labarin ba haka yake ba. Abin da Kotun Ƙolin Amurka ta yi a shari'ar Dobbs shi ne ta zare hannunta. Ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mace damar zubar da ciki a ko'ina a ƙasar kafin ɗan tayi ya kai matsayin da zai iya rayuwa a wajen mahaifa, ta ce kundin tsarin mulkin tarayya bai yi magana a kan wannan ba, kowace jiha cikin 50 ta yi tata dokar. Alƙali Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce lokaci ya yi da za a mayar da maganar hannun jama'a da wakilan da suka zaɓa.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan ƙasar da doka take sauyawa da zarar ka tsallake iyakar jiha. Mun gani a kan Shari'a tun daga Zamfara a 1999, mun gani a kan dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da jihohi suka ɗauki shekaru kafin su amince da ita. Tun daga waccan Juma'ar nake bin abin da jihohin Amurka suke yi, kuma abu ɗaya ya fito mini fili: kalmomi biyun da Alito ya haɗa, jama'a da wakilansu, ba abu ɗaya ba ne. A jihohi da dama 'yan majalisa sun yi wa mutanensu nisa sosai, kuma da mutanen suka samu damar faɗin abin da suke so da ƙuri'arsu, sai aka koma neman hanyar rufe musu baki. Ko mutum yana ƙin zubar da ciki, kamar yadda nake ƙinsa idan babu uzuri, wannan abin ƙi ne.

Taswirar da muke gani yau, Kudu ta haramta, gaɓar teku ta halatta, 'yan jam'iyyar Republican na adawa, 'yan jam'iyyar Democrat na goyon baya, ba haka take ba a da. A 1967 wanda ya sa hannu a dokar sassauta zubar da ciki a Kalifoniya shi ne gwamnan jihar, Ronald Reagan, mutumin da daga baya ya zama gwarzon masu adawa. A shekarar ce kuma Colorado da North Carolina suka sassauta nasu. A 1970 New York ta halatta har mako 24, kuma gwamnan da ya sa hannu, Nelson Rockefeller, ɗan Republican ne. Dokar ta wuce ne da ƙuri'ar mutum ɗaya. George Michaels, ɗan Democrat mai wakiltar mazaɓar da 'yan Katolika suka yi yawa, ya riga ya kaɗa ƙuri'ar ƙi, da ya ga dokar za ta faɗi sai ya miƙe, muryarsa na rawa, ya ce ya san siyasarsa ta zo ƙarshe amma zai sauya. Haka kuwa aka yi, bai sake komawa majalisa ba. A wancan zamanin adawa ta fi ƙarfi ne a cikin 'yan Katolika na arewacin ƙasar, waɗanda akasarinsu 'yan Democrat ne. Babban taron 'yan Baftis na Kudu, wanda yau yake sahun gaba wajen adawa, a 1971 ƙuduri ya zartar na neman a halatta zubar da ciki idan an yi fyaɗe, ko muharrami ne ya yi cikin, ko ɗan tayi yana da mummunar nakasa, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. A binciken cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup na 1972, 'yan Republican sun fi 'yan Democrat yarda cewa maganar tsakanin mace da likitanta take.

A ƙarshen shekarun 1970 ne kiɗa ya sauya. Masu wa'azin bishara irin su Jerry Falwell, wanda ya kafa ƙungiyar siyasa ta Kiristoci mai suna Moral Majority a 1979, suka haɗa kai da 'yan Katolika, jam'iyyar Republican ta rungume su, Kudu ta ci gaba da ficewa daga Democrat. Ba a dare ɗaya aka rabu ba. Joe Biden, yana sanata a 1982, ya goyi bayan wani gyaran tsarin mulki da zai ba jihohi damar kauce wa Roe. Donald Trump a 1999 ya faɗa da bakinsa a talabijin cewa yana tare da masu ba mace zaɓi. Ko a 2019 gwamnan Louisiana da ya sa hannu a dokar hana zubar da ciki daga jin bugun zuciya, John Bel Edwards, ɗan Democrat ne. Amma a hankali kowa ya koma layin jam'iyyarsa, yankuna ma suka bi. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna cewa a tsakiyar shekarun 1990 kashi 70 cikin ɗari na mutanen New England, wato kusurwar arewa maso gabas, suna ganin a halatta a mafi yawan yanayi, a yankin su Texas da Alabama da Tennessee kuma kashi 52. Zuwa 2013 na farko sun hau 75, na biyu sun sauko 40. Tazarar ta kusa ninkawa cikin shekara ashirin. Bayan zaɓen 2010, da Republican suka karɓe majalisun jihohi da yawa, an zartar da dokokin taƙaitawa sama da 200 tsakanin 2011 da 2013.

Duk wanda ya kalli waɗannan alƙaluman zai yi tsammanin cewa ranar da Roe ta faɗi, jihohin Republican za su haramta kuma mutanensu su yi tafi. Rabin farko ya faru. Jihohi fiye da goma suka haramta kusan gaba ɗaya, wasu irin su Georgia da South Carolina, daga baya Florida da Iowa, suka tsaya a mako shida, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Rabi na biyun ne bai faru ba, kuma Kansas ce ta fara nunawa.

Kansas jiha ce ta manoman alkama a tsakiyar ƙasar. Rabonta da zaɓen ɗan Democrat a matsayin shugaban ƙasa tun 1964. A birninta na Wichita ne masu adawa suka yi makonni suna tare ƙofofin asibitoci a 1991, a can ne kuma aka harbe George Tiller, likita mai aikin zubar da ciki, cikin cocinsa a 2009. 'Yan majalisar jihar suka kawo gyaran tsarin mulki da zai ce babu wani haƙƙin zubar da ciki a Kansas, suka sa ranar ƙuri'ar ta faɗo 2 ga Agusta 2022, ranar zaɓen fidda gwani, lokacin da aka saba ganin 'yan jam'iyya na gani-kashe-ni kaɗai ke fitowa. Mutum fiye da 900,000 suka fito cikin zafin Agusta, kusan ninkin abin da aka saba, suka yi watsi da gyaran da kashi 59. Babu yadda za a yi lissafin ya kai haka sai da ƙuri'un 'yan Republican masu yawa, har da na ƙauyuka. A Nuwamban shekarar Kentucky ta ƙi irin wannan gyaran da kimanin kashi 52. Michigan, wadda a 1972 ta ƙi halatta zubar da ciki da kashi 61, bayan shekara hamsin cif ta shigar da haƙƙin cikin kundin tsarin mulkinta da kashi 57. Ohio ta bi a 2023. A zaɓen 2024 mutanen Arizona da Montana da Nevada da Missouri sun zaɓi Trump, kuma a takarda ɗaya suka zaɓi kare damar zubar da ciki. A Missouri Trump ya ci da tazarar kusan maki 18, kuma ita ce jihar da ta fara aiwatar da haramci, cikin mintuna bayan hukuncin Dobbs.

Ba na karanta wannan a matsayin cewa Amurkawa sun daina ganin ƙimar ɗan tayi. Tun 1975 Gallup ke yin tambayar, kuma amsar da ta fi yawa ba ta taɓa zama "a halatta komai" ko "a haramta komai" ba. Kullum mafi rinjaye suna tsakiya: a bari a wasu yanayi. Kusan biyu cikin uku suna yarda a watanni ukun farko, a watanni uku na biyu adadin ya faɗo wajen ɗaya cikin uku, a na ƙarshe kuma ɗaya cikin biyar. Fiye da kashi 90 na zubar da cikin da ake yi a ƙasar kuwa a makonni 13 na farko yake faruwa. Mutumin Kansas bai sauya addini ba. A zamanin Roe, ɗan majalisa zai iya rubuta doka mai tsanani ya san kotu za ta dakatar da ita, mai zaɓe ma zai iya cewa shi mai kare rai ne ba tare da ya ga dokar ta taɓa 'yarsa ba. Da katangar ta faɗi, gani ya kori ji.

Abin da suka gani ba ƙarami ba ne. Kwanaki kaɗan bayan Dobbs, yarinya 'yar shekara goma da aka yi wa fyaɗe a Ohio sai da aka tsallaka da ita Indiana, saboda cikin ya wuce mako shida da 'yan kwanaki. A Texas wata mata da ta sha wuyar neman haihuwa faya ta fashe mata a mako 18. Likitoci sun san ɗan ba zai rayu ba, amma tunda zuciyarsa na bugawa suka ce ta koma gida ta jira. Sai da ƙwayoyin cuta suka shiga jininta, ta kai ɗakin masu jinya ta musamman, sannan aka taɓa ta. Ta ba da wannan shaida a gaban majalisar dattawa a 2023. A Disambar shekarar wata uwar yara biyu, mai ɗauke da ɗan tayin da aka tabbatar yana da cutar da da wuya jariri ya rayu da ita, ta je kotu neman izini. An yi mata tiyatar haihuwa sau biyu a baya, likitocinta na tsoron mahaifarta. Alƙali ya ba ta izini, babban lauyan jihar Ken Paxton ya gargaɗi asibitoci, Kotun Ƙolin Texas ta soke izinin, matar ta bar jihar.

Waɗannan labaran suna tsaya mini a rai saboda na taɓa tsayawa a irin wannan ƙofar. Ƙanwata ta yi ɓari a wata na huɗu, cikin dare, jini ya ƙi tsayawa. Mun shimfiɗa mata zani biyu a bayan mota, kafin mu isa asibiti duk sun jiƙe, mijinta na riƙe da kanta yana ta karanta mata addu'a. Likitan da ke bakin aiki ya duba ta, ya ce wankin ciki za a yi yanzu-yanzu, a nemo jini leda biyu. Bai nemi lauya ba, bai tsaya tunanin kurkuku ba. Aikin da ya yi mata a daren, da kayan da ya yi amfani da su, su ne dai ake amfani da su wajen zubar da ciki. Yau tana da 'ya'ya uku. Dokar Texas a rubuce ta yarda a ceci ran uwa, amma likitan da ya kuskure a fassara zai iya fuskantar ɗaurin rai da rai, tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisinsa. Mutumin da aka ɗora wa wannan a wuya zai jira har sai mace ta kusa mutuwa kafin ya tabbatar doka ta rufe shi. Sai a 2025 majalisar Texas ta zartar da gyaran da zai fayyace wa likitoci, bayan an sha wuyar da ba sai an sha ba.

Mazhabar Malikiyya da muka taso a ciki tana daga cikin mafi tsanani a wannan babin. Mashahurin zancenta shi ne ba a taɓa ciki tun daga shigarsa mahaifa. Wasu malaman Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120, lokacin busa rai, idan akwai uzuri karɓaɓɓe. Amma idan ran uwa ne a kan gaba, maganar malamai a fili take: a ceci uwa, ita ce asali. Dokokin Najeriya ma, na Arewa da na Kudu, a nan suka buɗe ƙofa. Shi ya sa ban yarda ba cewa duk wanda ya soki dokar Texas ya zama mai son zubar da ciki. Mai kishin rai na gaskiya rai biyu yake gani a kan gadon asibiti.

Yanzu ga inda takaicina yake. Bayan Kansas, maimakon 'yan majalisa su koma su tambayi kansu me mutanensu suke so, da yawa suka koma gyara ƙa'idar wasan. A Ohio, da suka ga ƙuri'ar Nuwamba 2023 na tafe, sai suka kira zaɓe na musamman a Agusta don ɗaga adadin da ake buƙata wajen gyara tsarin mulki daga rinjaye zuwa kashi 60, alhali su da kansu ba da daɗewa ba suka yi dokar soke yawancin zaɓukan Agusta. Mutane suka gane, suka ƙi da kashi 57. A Florida ƙa'idar kashi 60 tana nan tun 2006. A 2024 kashi 57 suka zaɓi soke dokar mako shida, fiye da kason da Trump ya samu a jihar a ranar, amma dokar na nan daram. A Arizona Kotun Ƙolin jihar ta ce a Afrilun 2024 za a iya aiki da dokar 1864, wadda aka rubuta kusan shekara hamsin kafin Arizona ta zama jiha, lokacin da mata ba su da ƙuri'a. Sai da aka yi ca kafin majalisa ta soke ta. A Texas da Alabama da Georgia da Tennessee kuwa, jama'a ba su da ikon tara sa hannu su kawo tambaya a gaban masu zaɓe. Kusan rabin jihohin ƙasar haka suke. Mississippi, wadda dokarta ce ta haifi Dobbs, tana da wannan hanyar a da, kuma da ita ne a 2011 aka tambayi mutanenta ko a ɗauki ƙwan da ya haɗu a matsayin cikakken mutum a doka, suka ƙi da kimanin kashi 58. Kotun jihar ta rushe hanyar a 2021 saboda wata matsala a rubutun ƙa'idarta.

Me ya sa ɗan majalisa zai yi wa mutanensa nisa haka bai ji tsoro ba? Saboda an shata mazaɓu yadda kujerarsa ba za ta taɓa faɗawa hannun ɗaya jam'iyyar ba. Abin tsoronsa kaɗai shi ne zaɓen fidda gwani, inda 'yan tsirarun masu zafin ra'ayi ke yanke hukunci. Gara masa ya ɓata wa mutum dubu na tsakiya rai da ya ɓata wa ɗari na gefe.

Adalci kuma ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren, domin masu goyon bayan zubar da ciki su ma suna son jama'a ne ranar da jama'a suka ba su gaskiya. Ba ko'ina suka ci ba. Tennessee a 2014, Alabama da West Virginia a 2018, Louisiana a 2020 da kashi 62, duk mutanensu sun zaɓi cewa tsarin mulkin jiharsu bai kare zubar da ciki ba. A 2024 Nebraska ta samu tambayoyi biyu masu karo da juna a takarda ɗaya, ta zaɓi wadda ta hana bayan watanni ukun farko, tare da togaciyar fyaɗe da cikin muharrami da haɗarin lafiya, da kashi 55. South Dakota ce ta fi ba ni abin tunani. A 2006 majalisarta ta haramta kusan gaba ɗaya, mutane suka rushe dokar. A 2008 aka sake kawowa da sassauci, suka sake ƙi. A 2024 aka kawo musu akasin haka, gyaran da zai buɗe ƙofa, shi ma suka ƙi da kusan kashi 59. Mutanen nan sau uku suna cewa ba wannan ba, kuma har yanzu babu wanda ya kawo musu abin da ke tsakiya. Ina ganin ƙuri'ar Nebraska ta cancanci girmamawa daidai da ta Kansas. Kuma ina ganin Roe ma da nata laifin, domin ta ƙwace maganar daga hannun jihohi a lokacin da suke tsaka da tattaunawa, ta bar miliyoyin mutane masu imani da jin cewa alƙalai bakwai sun yanke musu hukunci a kan abin da suke ɗauka kisan kai. Marigayiya alƙaliyar Kotun Ƙoli Ruth Bader Ginsburg, wadda ba a shakkar goyon bayanta ga ba mace zaɓi, ita ma ta sha cewa hukuncin ya yi gaggawa kuma ya yi faɗi.

Akwai kuma tambayar da nake son masu haramtawa su amsa da aiki. Idan manufar ita ce a haifi yaran nan, me aka tanadar musu? Mississippi ta daɗe a sahun gaba wajen mutuwar jarirai a Amurka. Mace baƙar fata a ƙasar ta fi farar fata haɗarin mutuwa a kan ciki da haihuwa kusan sau uku, kuma a Kudu baƙaƙen fata suka fi yawa. Texas da Mississippi da Alabama da Tennessee suna cikin jihohi goma da suka ƙi faɗaɗa inshorar lafiyar talakawa ta Medicaid. Ƙasar ba ta da dokar tarayya da ta tilasta a biya mai jego albashi a hutun haihuwa. Haramcin ma bai rage adadin ba: cibiyar bincike ta Guttmacher ta ƙiyasta an zubar da ciki sama da miliyan ɗaya a 2023, fiye da na 2020, kashi 63 da ƙwayar magani, kuma mata kimanin 170,000 sun tsallaka wata jiha. Mai kuɗin jirgi da otal ta tafi Illinois ko New Mexico ta dawo. Wadda dokar ta kama ita ce mai aikin awa-awa, mai yara a gida, wadda ba ta da motar da za ta yi tafiyar kwana guda.

Missouri nake kallo yanzu. Mutanenta sun yi magana a Nuwamba 2024, da rinjaye kaɗan, kashi 52 bai cika ba, amma rinjaye ne. Wata shida bayan haka majalisar jihar ta amince da sabon gyaran da zai maido da yawancin haramcin, aka tsara kai shi gaban masu zaɓe a 2026. Wannan karon sun sa togaciyar fyaɗe da cikin muharrami a makonni 12 na farko, abin da dokarsu ta 2022 ba ta da shi sam. Ƙuri'ar da suke neman sokewa ita ce ta tilasta musu rubuta wannan togaciyar.